Naɗin da Aka Yi Mini Saboda Rana

Mun tashi da asuba daga Illela, tamu ta nan, ba ta tsallaken iyaka ba, kuma tun ban sa ƙafa cikin mota ba na san akwai magana. A bakin tasha akwai wata mai tuyar ƙosai, 'yar zumuntar matan majami'armu. Tun ina ƙarama in ta gan ni sai ta ƙunsa mini biyu a takarda, ta tambayi mamata. Ran nan na durƙusa na gaishe ta, ba ta ko ɗago daga kaskon ba. Ta ce, "Rabaran, a sauka lahiya." Babu dariya a muryar. Na tsaya kamar wadda ta manta abin da aka aike ta saye, har gwaggona da ta rako ni ta ja ni muka shiga mota.

Ku da kuka cika mini waya da saƙo, wasu da addu'a, wasu da zagi, wasu suna tambaya ko gaskiya ne, na ce bari in rubuta tafiyar sau ɗaya in huta da maimaitawa. Ku yi haƙuri in labarin ya yi 'yan kwana-kwana.

Abin da na sani a safiyar kaɗan ne. Da yammacin jiya babana, wanda dattijo ne a majami'armu, ya ce dattawan gunduma na son ganina a Birnin Ƙonni, in bi ta Malbaza in sami faston da ke kula da ƙauyen kakata mu ƙarasa tare. Bai dube ni ba da yake faɗa, yana ta gyaran igiyar akuya wadda ba abin da ya same ta. Ni kuwa na ɗauka zancen koyar da malaman makarantar Lahadi ne, don an daɗe ana cewa za a tura ni. Wayata tana wurin mai gyara tun da ruwa ya shige ta, sai a daren aka karɓo mini, ko caji babu. Har atamfata ta fita kunya na ɗauko.

Motar hiyas ce, irin wadda ba ta cika sai ta fi cika. An ɗaure awaki a sama, buhun tafasa a ƙarƙashin ƙafafunmu, kuɗin mota kuma an ƙara, direba ya ce man ne, kamar kullum. Ƙarshen damina ne, gero ya fi mutum tsawo dama da hagu, wake ya baje a ƙasa, duk inda ka duba kore ne shar. Da wata rana ce da na sha kallo. Mun ɗan yi nisa gwaggo ta zaro wayarta daga cikin zane, ta rage murya, ta ɗora mini a cinya. Ni ce a ciki.

Sai in koma baya kaɗan. Makonni kafin nan na je ƙauyen kakata kai mata magani. Ƙaramin ƙauye ne bayan wata ƙorama, gidan Kirista uku suka rage a ciki. Ina can tsohon mai bisharar ƙauyen ya rasu, shi ne ya koya wa babana karatu. An kwana ana ruwa, ƙorama ta kawo baki da baki. Faston ya taso daga Malbaza a babur, ya zo ya tsaya a wancan gaɓar, babu halin ƙetarewa. Ya kira, muna jin muryarsa tana tsinkewa, sai layin ya ɗauke gaba ɗaya. Mazan gidajen nan duk suna ci-rani, namiji guda da ya rage tsoho ne, kunne ya tafi, ido ya yi yana. Maƙwabtanmu Musulmi su suka haƙa kabari, su suka ɗauki makara, sannan suka ja gefe suka tsaya da sheburansu. Rana ta take. Maigari ya ce, "To, ku yi naku mu rufe, kun san gawa ba ta jira." Sai kowa ya juyo ya dube ni, don ni kaɗai na iya karatu.

Ban daɗe da tashi daga masassara ba, ɗankwalina kuma ƙarami ne, iska na ta zame shi. Matar marigayin ta ga ina layi, sai ta ɗauko farin ƙyallen da mijinta ke ratayawa a kafaɗa, ta ce, "Zo in naɗa miki, kada rana ta kada ki." Tsohuwar nan naɗi ɗaya ta sani da irin wannan ƙyallen, wanda ta saba gani a kan mijinta. Haka ta naɗa mini, har da jela. Wani taubashin kakata a cikin maƙwabtan, mutumin da ba ya iya riƙe bakinsa ko a gidan makoki, ya ce, "To, an yi naɗi. Allah shi taya riƙo." Aka ɗan yi dariya cikin kuka. Na buɗe Littafi na karanta, na yi addu'a, aka rufe tsoho. Iyakar abin da ya faru ke nan.

Amma ba haka wayar gwaggo ta nuna ba. Wanda ya ɗauki hoton bidiyon, ban san ko wane ne ba har yau, ya fara daga "in naɗa miki", ya kama "Allah shi taya riƙo", sannan ga ni tsaye a kan kabari da Littafi a hannu da rawani a ka. A ƙasa an rubuta wai an naɗa mace fasto a ƙasar Illela. Kun san a bakinmu kalmar guda ce, da ita ake naɗa rawani, da ita ake naɗa sarki, da ita ake naɗa fasto. Majami'unmu kuwa sun daɗe suna ja-in-ja a kan ko ya halatta a naɗa mace, har ana tsoron rabuwa. Hoton nan ya faɗa cikinsu kamar garwashi a rumbun auduga.

Ga 'yan'uwana Musulmi da muka yi lakwal, wato makarantar boko, tare, bari in faɗa muku abin da nake tsoro, don ku gane. A wurinmu akwai abin da ake kira horo. Za a kira sunanka gaban jama'a ran Lahadi, a faɗi laifinka, a mai da kai bencin baya. Ba ka cin jibi, wato gurasa da ƙoƙon da muke tarayya a kansu, ba ka waƙa cikin mawaƙa, ba ka koyar da yara. In kuma aka ce ka raba ikilisiya, fitar da kai ake yi. A babban birni sai ka koma wata majami'ar. A garinmu ita ke nan, kuma dukanmu da ke cikinta ba mu cika rumfa ɗaya ta kasuwa ba. Duk wanda ya san ni tun ina goye, duk wanda zai zo bikina ko bisona, wato jana'izata, yana cikin ɗakin nan. In an rufe mini ƙofarsa, ban san ta wa zan buga ba.

A Badagishiri, inda ake sauya mota a hau babbar hanya, gwaggo ta tuna wai tana da saƙo a kasuwa wanda ba ya jira. Ta sayo mini dafaffiyar gyaɗa ta dala ashirin ta cusa mini a jaka, ta ce, "Duk abin da sunka ce, ki ce to. Kar ki yi musu gardamar lakwal." Ban ga laifinta ba, ita ma 'ya'yanta a majami'ar suke. Na bi bayanta da ido har ta shige tsakanin masu buhunan albasa. Daga nan ni kaɗai ce.

Hanyar kudu kwalta ce, amma damina ta ci gefenta, wasu ramukan sai direba ya sauka cikin gona ya kewaye. Na zauna jikin taga na ja mayafi har hanci. Kusa da ni wani mai rediyo ne da wata mai jego, bayana samari suna kallon waya suna dariya, duk sanda suka ƙyalƙyale sai in ji kamar ni suke kallo. Ashe kokawa ce. Wajen Gidan Idar jandarma suka tsai da mu aka karɓi katin kowa. Wanda ya riƙi nawa ya dubi katin, ya dube ni, ya sake duban katin. Na ce shi ke nan, har nan abin ya iso. Can ya miƙo mini ya ce, "Hoton ga kin fi ƙiba. Ki riƙa cin abinci." Mota duka aka yi dariya, ni ma na buɗe baki, amma hawaye ne suka zo.

A Tsarnawa hanya ta rabu, dama Ƙonni, hagu Malbaza. Ƙamshin gasasshiyar masara ya cika mararrabar, ga masu fura da nono, ga albasar ajiya da ta yi tsadar da mai saye ke ɗaga ɗaya ya duba ya mayar. Ban iya cin komai ba. Na hau wata ƙaramar mota zuwa Malbaza. Tun daga nesa za ka hango dogon hasumiyar kamfanin siminti, sannan kamyo, manyan motocin kaya, jere a gefen hanya, direbobinsu kwance a ƙarƙashi suna shan shayi. Ganyen itatuwan bakin titi duk sun yi fari-fari, har akuyar garin kamar an shafa mata hoda.

Faston ba ya gida. Matarsa ta ce tun jiya ya wuce Ƙonni. Ta ba ni ruwa, ta shimfiɗa mini tabarma a zaure, idonta na kan ƙofa. A nan na tarar da wata da ke jirana: tsohuwar shugabar lakwal ce da ta yi ritaya, ita ke jagorar zumuntar mata ta gunduma, kowa Madam yake ce mata. Ta rungume ni har tabaranta ya karkace, ta kira ni Debora, macen nan da ta shugabanci jama'a a cikin Littafi, ta ce Allah ne ya tashe ni. Tun safe ba wanda ya taɓa ni, na kusa narkewa a jikinta. Ta sayo mini shinkafa da wake, ta ce a motarta za mu tafi.

A hanya ta buɗe mini abin da ke ranta. Ta ce shekarunta nawa tana wanke majami'a, tana tara kuɗin baiko na ran Lahadi, tana koyar da matan da mazansu suka tafi ci-rani, amma ba a taɓa barinta ta hau bagaden wa'azi ba ko don sanarwa mai tsawo. Ta ce a duba benci ran Lahadi a ƙirga ɗankwali a ƙirga hula. Gaskiya ta faɗa, ni ma na sani. Sannan ta ce, "Gobe in sun tambaye ki, kar ki ce kuskure na. Ki ce Ubangiji ne ya naɗa ki, ba mutum ba. Ke ce ƙofarmu." Na ce, "Mama, rana ce aka kare mini." Ta ce, "Ɗiyata, ke kika ga rana. Mu mun ga wani abu." Na juya ina kallon gonaki. Mai ƙosai ta kira ni abin da ba ni ba don ta ƙi ni, Madam ta kira ni abin da ba ni ba don ta so ni, kuma a motar nan mai sanyi na fi jin kaɗaici fiye da cikin hiyas.

Ƙonni tana nan yadda kuka san ta. 'Yan kabu-kabu kamar ƙudan zuma, masu canji zaune da damin naira suna kiran kowa Alhaji, man fetur a kwalabe jere a rana, kamyo sun yi layi wajen duwan, wato kwastan. Gari ne da ba ya kallon fuskar baƙo, kuma ran nan na gode masa da haka. Aka sauke ni a ɗakin baƙi na mata a harabar majami'a. Ɗakin na da gadaje da yawa, ni kaɗai a ciki. Tuwo aka ajiye mini a bakin ƙofa, ban ga wadda ta kawo ba. Na sa waya a caji, na kunna, saƙonni suka yi ta shigowa kamar ƙanƙara a kan kwano. Na saurari kaɗan. Wani da ban sani ba ya ce in ina da kunya kar in sake taka majami'a. Na kashe.

Washegari da hantsi aka kira ni. Dattawa sun zauna a ofishin gunduma, teburi a tsakiya, ni a kan benci jikin bango. Mata ba sa zama a wannan majalisar, don haka Madam ta ɗauko kujera ta dasa a waje daidai taga. Shugaban zaman wani tsohon Rabaran ne mai ciwon ƙafa, ya ɗora ta a kan kwali, kowa Baba yake ce masa. Aka yi addu'a, aka kunna hoton, aka zagaya da wayar hannu zuwa hannu. Na ɗauka za a tambaye ni. Sai aka manta da ni.

Wani dattijo na nan Ƙonni, tsohon ma'aikacin duwan, shi ya fara. Ba mai hayaniya ba ne, a hankali yake magana, yatsansa a kan shafi. Ya kawo inda manzo Bulus ya rubuta wa Timoti cewa bai yarda mace ta koyar ko ta yi iko da namiji ba, da inda ya ce wa Korantiyawa mata su yi shiru a taro, da sharaɗin cewa shugaban ikilisiya ya zama mijin mace ɗaya. Ya ce shi bai raina mata ba, uwarsa ce ta kawo shi ga bangaskiya, amma abin da aka rubuta ba shi ya rubuta ba, kuma in yau aka goge layi ɗaya don ya yi nauyi, gobe wane za a goge? Wani malamin lise, wato sakandare, ya amsa masa. Ya ce Bulus ɗin nan dai shi ya gai da Fibi ma'aikaciyar ikilisiya, shi ya yi aiki da Biriskila wadda ta gyara wa babban mai wa'azi koyarwarsa, shi ya ce cikin Almasihu babu namiji babu mace. Ya ce labarin tashi daga matattu ma a bakin mata aka fara sa shi. Na duwan ya ce kai saƙo daban, riƙon garke daban. Malamin ya ce shirun da aka ce don matan wani gari ne masu surutu a lokacin sujada. Daga taga Madam ta yi tari mai ƙarfi. Baba ya ce, ba tare da ya waiwaya ba, "A ba taga ruwa."

Ayoyin nan duk na san su, na haddace wasu tun ina makarantar Lahadi. In na duwan na magana sai in ji shi ke da gaskiya, in malamin ya karɓa sai in ji shi ne. Har yau da nake rubutun nan ban san inda na tsaya ba, kuma ba na jin kunyar faɗa. Abin da na sani, suna ta jefa ayoyi ta saman kaina, ni kuwa ina ƙirga tururuwar da ke bin gindin bango, ina tunanin bencin baya.

Faston Malbaza ya ba da shaida. Ya ce ya zo har bakin ƙorama, kuma a waya ya ce a jira shi. Ni ban ji wannan ba, layin ya riga ya tsinke. Baba ya tambaye shi yaushe ruwan ya janye. Ya sunkuyar da kai ya ce sai washegari.

Daga nan aka koma kan wani abu da ban taɓa zaton zai zama wuƙa a wuyana ba. A al'adarmu, albarkar rufe sujada naɗaɗɗen fasto ne kaɗai ke ɗaga hannu ya ce alheri ya tabbata "tare da ku". Wanda ba a naɗa ba hannunsa a ƙasa, "tare da mu" yake cewa, don shi ma cikin masu karɓa yake. Na duwan ya ce zancen rawani ya gane, wasan ƙauye ne, amma in yarinyar nan ta ce "ku", to ta ɗauki abin da ba a ba ta ba. Aka sake kunna hoton, aka ƙure murya, tsofaffi suka haɗa kai a kan waya. Daidai wurin iska ta bugi wayar mai ɗauka, wani jaki kuma ya zaɓi lokacin ya yi kuka. Aka maimaita, aka maimaita. Wani ya ce "ku" ya ji, wani ya ce "mu". Hannuna ɗaya na sama a hoton, amma jelar rawanin nake riƙewa.

Sai a lokacin Baba ya juyo. "Ɗiyata, mi kinka ce?"

Na san wace amsa ce za ta fisshe ni, harafi ɗaya ne. Na nemi abin a kaina ban same shi ba. Abin da nake tunawa kawai ƙafafun marigayin a cikin tabarma da zafin ƙasa a tafin ƙafata. Na ce, "Baba, ban tuna ba."

Na duwan ya ce to, a bar wannan. Ya ce shi abu ɗaya yake nema a rufe maganar: in yi alkawari gaban dattawa ba zan sake tsayawa a wurin fasto ba, ko a kabari ko a ina. Na tuna gwaggo da "ki ce to". Abin da ya fito ba shi na shirya ba, kuma da kuka ya fito. Na ce ni ba na son zama fasto, ban taɓa so ba, so nake in yi jarrabawar malanta. Amma in na sake samun gawa a ƙasa, rana na dukanta, maƙwabta tsaye da shebur suna jiran mu yi namu, ban san abin da zan yi ba, kuma ba zan yi alkawarin da ban san zan riƙe ba. Na ce su aika wa mutanen ƙauyen da wani, don Allah, kowa ne.

Na duwan ya cire tabaransa. Ya tambaye ni wa ke yi musu sujada ran Lahadi yanzu. Na ce matar marigayin ke tada waƙa, su yi addu'a, su watse. Baba ya ce in tashi in koma gida, za su yi shawara, za a sanar da babana.

A waje Madam ta riga ta naɗe kujerarta. Ta dube ni ta ce, "Ba ki so, kika ce? A gabansu?" Ta shiga motarta. Na hau kabu-kabu zuwa tasha.

Komowa ba ni da labarinta da yawa. Na san mun tsaya a Tsarnawa an ɗora buhuna, na san hadari ya haɗu wajen Badagishiri bai zubar ba, na san wata tsohuwa ta yi barci a kafaɗata tun daga can har gida, kuma ban motsa ba don nauyinta daɗi ya yi mini. Ina ta juya "mu" da "ku" a baki ko ɗaya zai zauna, ba wanda ya zauna. In akwai abin da hanyar nan ta koya mini, shi ne gardamar da manya ke yi da Littafi a buɗe a kan teburi, a kan wani take sauka, kuma sau da yawa wanda ta sauka a kansa bai ma san ana yinta ba. Na kuma ga cewa masu cewa a naɗa da masu cewa kar a naɗa duk da gaske suke, duk tsoron Allah suke ji, amma cikinsu ba wanda ya tambaye ni yadda aka yi bison, ko matar tsohon na da mai ɗebo mata ruwa.

Na shiga gida ana kiran la'asar a masallacin bayanmu. Mamata na bakin murhu, ta miƙe ta tsaya da muciya a hannu. Babana na zaune a kan tabarma. Na durƙusa nesa da shi, jakata a kafaɗa, na kasa gaisuwa.

Ya ce, "Baba Rabaran ya kira."

Na sauke jakata ƙasa. Ya ci gaba:

"Sun ce ba naɗi anka yi ba, biso anka yi. Zancen naɗa mata sun kai shi babban taro, can su ƙarata. Ke ba ruwanki. Ran Lahadi ki zauna wurin zamanki, ki ci jibi."

Na ce, "Ƙauyen fa?"

Ya ce, "Ba su kai nan ba."

Mama ta dama fura ta miƙo mini. Na karɓi ƙwaryar da hannu biyu, ludayin na ta buga gefenta, na kasa kai shi baki. Babana ya matso, ya riƙe mini gindin ƙwaryar har na sha.